Taya Huɗu Zuwa Dutsen Aburi

Ranar Talata na sauka Abosokai
da ajiyar wata uku a aljihun wando.
Motata na Nima, bisa bulo huɗu,
kamar tsohuwar da aka ɗauke wa takalmi,
tana jiran in kawo mata taya.

Gariba na zaune kan tsohon rim
yana cin wake da shinkafa a ganye.
Bai tashi ba. Ya ce, "Ina za a je?"
Na ce Aburi, Lahadi, hawan dutse,
mu goma sha bakwai, agogo ne alƙali,
kowa shi kaɗai zai kama hanya.

Ya lashe yatsa. "Minti nawa?"
Na ce biyu da 'yan kai, in Allah ya yarda.
"To ɗauke idonka daga waccan.
Faffaɗa ce, na sani, tana da kyan kallo,
amma robarta ƙashi ce.
Sai ta yi rabin tafiyar Kumasi
kafin ta ji ɗumi ta riƙe ƙasa.
Kai kuwa kafin ta farka ka gama,
ko kuma ana ciro ka daga cikin ƙaya."

Ya jawo wata daga ƙarƙashin tari,
ya kama hannuna, ya danna farcena a kanta.
Ta lotsa, ta dawo a hankali
kamar tuwon da bai huce ba.
"Wannan ce. Amma ba ta kwana biyu.
Hawa shida, bakwai, sai a ba masu lilo.
Mai taushi ba ya tsufa a duniya."

Ya tofa yawu ya goge gefenta.
"Karanta lambobin nan huɗu.
Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.
Ita ma tana da ranar haihuwa.
Wadda ta daɗe a sito, ko ba ta taɓa taka kwalta ba,
fuska sabuwa, ciki ya bushe.
Ni zan iya yi maka ƙarya,
lamba ba ta iya."

Na ce Tete ya sayi sumul, marar zane,
irin ta masu tsere a talabijin.
Ya ɗaga kai ya dubi sama wajen teku.
"Yuni muke. Dutsen nan kwana yake da hazo.
Bar Tete da gashin kansa.
Ruwa na son a tsaga masa inda zai bi,
in ba haka ba shi zai ɗauke ka a baya."

Sai maganar kuɗi.
Na tuna Zenabu da littafinta na lissafi,
kuɗin makarantar Mutari, rufin ɗaki mai yoyo.
Na ce ko biyu sabo, biyu na hannu?
Ya yi shiru har wani ɗan dako ya wuce.
"Kada ka ɗaura kura da akuya a gatari ɗaya.
Ɗauki huɗun. Sauran sidi ɗari shida
ka kawo ƙarshen wata.
In ka kife, wa zan bi bashi?"
Muka yi dariya.

Lahadi da asuba, Ayi Mensa, yayyafi.
Na durƙusa da ma'auni, na rage iska kaɗan,
na sake aunawa, don hannuna na rawa.
Tete na can yana shafa sumul ɗinsa
yana kallon gajimare, ba ya magana.
Mai tuta ya ɗaga yatsu biyar.

Duk ƙarfen nan, da ni, da bashin Gariba,
da sunan Mutari da na rubuta a murfin mai,
abin da ya haɗa mu da ƙasa
faɗin tafin hannu ne, sau huɗu.
Yatsu uku. Biyu.
Na ce bismillah, na saki kulochi,
kwanar farko ta taho, baƙa, a jiƙe,
na juya sitiyari na saurara,
na ji ta kama, ta riƙe, ba ta saki ba,
taya.